Baƙin Salatif a Bayan Na'urar Baba

Baba ne ya raɗa mata suna Kyanwa, saboda gurnanin da take yi a gefen gadonsa. Na'urar numfashi ce, farar akwati mai ƙananan tayoyi, tsayinta bai wuce gwiwata ba. Takan zuƙi iskar ɗaki ta tace, ta turo masa mai kyau ta wata siririyar roba da ke maƙale a hancinsa. Shekarun da ya yi yana fesa wa motocin mutane fenti, da tsumma kawai ɗaure a baki, su suka cinye masa huhu. In aka zare robar nan, kafin ka gama ɗaure igiyar takalmi leɓensa ya soma duhu.

Ba aro muka yi ba, ba kuma haya ba. Baba ya sayar da injin feshinsa da rumfar aikin gaba ɗaya, aka sayo ta ta hannun wani dillali. Abin da ya rage masa na sana'ar shi ne allon da yake kafewa a bakin rumfa, wanda ya rubuta da hannunsa. Ya sa na rataye masa shi a bango, saitin kansa. Yakan dafa kan Kyanwa ya ce, "Wannan tawa ce halak malak. Da gumina na saye ta."

Wata rana ta fara fito kamar mai mura, iskar ta ragu. Na kira kamfanin da ya ƙera ta. Suka ce filta ce ta toshe, wato matatar iskar. A kai ta cibiyarsu da ke wani gari mai nisa, a bar ta a can, za su kira mu.

Na ce, "Shi kuma fa? Ya ajiye numfashin sai kun kira?"

Aka ce mini ƙa'ida ce.

Sai na je na ɗauko Dogo, mai gyaran firji da ke ƙarshen layinmu. Muka mayar da Baba kan 'yar tukunyar iska da muke ajiyewa a bayan ƙofa saboda ko-ta-kwana. Dogo ya kwance Kyanwa, ya zare tsohuwar filtar da ta yi baƙi ƙirin, ya sa wata daidai girmanta. Da aka kunna, gurnaninta ya dawo, iskar ma ta fi ta da. Amma 'yar fitilar gabanta da muka saba gani koriya ta koma rawaya. Rubutu ya fito a fuskarta, wai an gano kayan da ba na kamfani ba, kuma domin lafiyar mai amfani za a iya dakatar da na'urar a kowane lokaci.

Na ce, "Wa zai dakatar? Daga ina?"

Dogo ya nuna mini wani ɗan abu a cikinta, bai fi farce ba. "Ka ga wannan? Layin waya ne. Kullum sai ta gaida iyayen gidanta. Daga ofis za su danna abu ɗaya, shi ke nan."

"To cire shi mana!"

"In na cire, ta nemi wanda za ta gaisar ta rasa, da kanta za ta kulle. Guguwa, ni fa firji na sani. Firji bai taɓa kai ƙarata wurin kowa ba."

Guguwa ni ne. Baba ya laƙaba mini tun da na watsar da makaranta na shiga yawon sana'o'i, daga wankin mota zuwa tallar caja, har na tsaya a kai wa mutane saƙo a kan babur. Zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Ranar nan ma ban zauna ba, waya na ɗauka na shiga bincike, har na faɗa wani zaure a intanet mai suna Namu Ne.

Ashe ba mu kaɗai ba ne. Akwai manomin da motar nomansa ta ƙi tashi don ya canza mata famfo. Akwai mai shagon buga takardu da injinsa ya ƙi tawadar kasuwa. Mai jan ragamar zauren wata mata ce da kowa ke kira Mai Keke. Keken guragu na lantarki gare ta, ƙanenta ya sa mata sabon batir, da kamfanin keken ya tsorata ta sai ta yi magana a intanet, sai keken ya tsaya cak da ita a tsakiyar titi, motoci na ta zuba mata hon. Ita ta koya mana yadda abin yake. Masu fitilar rawaya sun yi wa kamfani yawa, ba zai kashe su duka ba. Wanda ya ɗaga murya shi ake bi. Don haka dokar zauren ɗaya ce: yi bidiyo, faɗi gaskiyarka, amma ka rufe lambar da ke bayan na'urarka. Muddin ba su san lambar ba, ba su san wacce za su kashe ba.

Na karɓo baƙin salatif wurin Dogo, na liƙe lambar Kyanwa ruf. Na sa Baba ya saka farar hularsa, na ɗauke shi. Bai yi dogon zance ba, numfashin ba zai bari ba. Cewa ya yi, "Na yi aiki da motoci tun ina saurayi. Ban taɓa jin wanda ya ƙera mota ya biyo mai ita ya zare makulli don ya canza taya ba. Abin da ka saya naka ne."

Bidiyon ya bazu kamar wutar daji. Wayata ta hana ni sakat. Na riƙa tsayar da babur a gefen titi ina karanta abin da mutane ke cewa, kaina ya yi girma.

Ranar da abin ya faru, na dawo cin abincin rana ne. Ina shiga ɗakin na ga an juya Kyanwa, bayanta na kallon gado. Salatif ɗin yana manne a ƙarfen gadon, ya nannaɗe. Lambar tana waje fes. Baba yana kishingiɗe da tabarau a ƙirji, fuskarsa a sake.

"Baba, wa ya ɓare wannan?"

"Uwarka na sa. Kai, yau na yi baƙuwa ta waya. Wata yarinya mai ladabi, daga kamfanin. Ta gaishe ni har sau nawa, ta ce ta ga hotona, ya jiki, ya ƙarfin hali. Irin gaisuwar da ku 'ya'yan yanzu kuka manta."

Umma ta leƙo daga ƙofa da ludayi a hannu. "Ta ce sabuwar filta za su aiko masa kyauta. Lambar kawai take so don kada su aiko wadda ba daidai ba."

Na zauna a ƙasa ban shirya ba.

"Ka karanta mata?"

"Sau biyu ma. Ta ce ba ta ji na ƙarshe ba."

"Baba, ban ce kada kowa ya ga lambar nan ba?"

Ya ɗan haɗe rai. "Cewa ka yi kada ta fito a hoto. Mutum ya kira ka, ya yi maka sannu da jiki, ya roƙe ka abu ɗan ƙanƙani, sai ka ce masa a'a? Haka na rene ka?"

"A ina ma suka samu lambar wayarka?"

Na ɗaga kai, sai ga allon nan a bango, saitin hularsa. Fentin mota da gyaran jiki, da lambar wayarsa a ƙasa da manyan jajayen baƙaƙe. Duk wanda ya kalli bidiyon ya gan ta.

Na fita tsakar gida na kira Mai Keke. Na yi mata bayanin abin da ya faru.

Ta ce, "Muryar mace ce mai taushi? Ta yi alkawarin kyauta?"

"E."

"Ni ma haka aka yi mini. Caja aka ce za a aiko. Ban kai la'asar ba keken ya tsaya. Ɗan'uwa, kuna da wata hanyar iska?"

"'Yar tukunya ce, kuma mun sha fiye da rabinta ranar gyara."

"Ka kira su. Ka ji abin da za su ce. Ni kuma bari in tashi mutanen zaure."

Na ɗauki wayar Baba na bi lambar da ta kira shi. Yarinyar ce ta ɗauka. Gaskiyar Baba, muryarta kamar ta 'yar gida. Na ce ni ɗansa ne, me za su yi da lambar? Ta soma karanto mini zance kamar wadda ta haddace: an miƙa na'urar ga sashen kula da lafiyar masu amfani, su za su duba, in sun ga akwai haɗari za su dakatar da ita har sai an kai ta cibiya.

Na ce, "Haɗarin ai shi ne dakatarwar. Kin san da ita yake numfashi?"

"Ba ni ke yanke hukunci ba, yallaɓai."

"In na goge bidiyon fa?"

"Ba ni da bayani a kan wannan." Na ji hayaniyar ofis ta ɗan yi nisa, kamar ta rufe bakin wayar da hannu. Ta ce a hankali, "Don Allah kada ku bar shi shi kaɗai yau." Ta kashe.

Wannan maganar ta fi duk sauran tsorata ni.

Kafin in koma ɗaki Yaya ta iso, Umma ta riga ta kira ta. Ita ce babbarmu, tana koyarwa a wata makarantar yara, ko jakarta ba ta ajiye ba ta hau ni.

"Kai da wayarka! Na ce maka ka bar mutanen nan, suna da dogon hannu. Ka samu abin yi, ka mayar da tsohonmu ɗan wasan kwaikwayo. Goge shi yanzu, ka ba su haƙuri!"

"Yaya, ko na goge sun riga sun samu lambar."

"To mu kai shi asibiti."

Umma ta ce, "Kin manta wancan karon? A baranda muka yini, tukunyarsu ɗaya ana layi a kanta. Kuma wa ya ce ta bayan ƙofa za ta kai mu can cikin cunkoson nan?"

Duk muka juya muka kalli 'yar fitilar. Tana nan rawaya. Kyanwa na ta gurnani kamar ba da ita ake ba. Baba ya cire tabarau daga ƙirjinsa ya naɗe a hankali. Fara'ar nan ta tafi. Ya daɗe yana kallon salatif ɗin da ke jikin gado.

"Ashe gaisuwar ta farauta ce," ya ce.

Sai ya waiwayo ni.

"Guguwa. Akwai abin nan da ake ganin mutum a lokacin da yake magana, ba sai an ɗauka an ajiye ba?"

"Kai tsaye ke nan, Baba."

"Kunna mini shi."

Yaya ta ce, "Baba, don girman Allah! Abin da ya jawo mana ke nan."

Ya ɗaga mata hannu, ya ja iska, ya saki. "Na yi zamani a gareji. Ban taɓa ganin mai fenti ya tsinka fenti da kananzir mai mota na tsaye a kansa ba. Sai ya juya baya. To kada a juya baya."

Na jingina wayata da wani tsohon gwangwanin fenti a kan kujera, yadda za ta ɗauki Baba da Kyanwa da fitilarta. Na danna. Mai Keke ta baza sanarwa a zaure. Mutane suka fara shigowa, ana ganin adadinsu a saman fuskar wayar yana hawa.

Baba ya gyara hula. Ya yi sallama, ya ce, "Ga ni, ga na'urata, ga lambarta, na daina ɓoyewa. Mai ita na gaskiya, wato ni, ina son ta ci gaba da aiki. In akwai wanda zai kashe ta, to ya kashe a gabanku."

Rubutu ya riƙa gudu a ƙasa, ba na iya kama rabinsa. Masu addu'a, masu zagin kamfani, masu kiran sunan kamfanin don ya gani. Wani ya ce Baba ya fi shugaban unguwarsu iya magana. Wata ta tambaya ko ɗan da ke riƙe da waya yana da aure. Yaya ta karanta ta ce, "Ki rufa wa kanki asiri, baiwar Allah, ko kujera ba ta riƙe shi." Har Umma sai da ta murmusa. Mai Keke kuma ta liƙa roƙo a sama: duk mai tsohuwar na'urar numfashi, irin wadda ba ta da layin waya, ya yi magana.

Da farko abin ya yi daɗi. Amma kallon tsoho a kwance da akwati mai gurnani ba abin da ke riƙe mutane ba ne. Rana ta soma karkata, masu aiki suka koma aikinsu. Adadin nan ya fara sauka. Na zuba masa ido kamar mai kallon ruwa na tsiyaya daga randa. Duk saukar da ya yi sai in waiwayi fitilar.

Baba ya lura da fuskata. "Suna tafiya ko?"

"Kaɗan ne."

"Ƙaryarka. Matso da ni."

Sai ya shiga ba su labarin sana'a. Yadda ake gane motar da ta taɓa haɗari ta hanyar shafa ƙofa da bayan hannu. Yadda wani attajiri ya kawo masa mota ya ce a yi mata kalar idon matarsa, shi kuma ya ce sai dai a kawo matar gareji. Mutane suka dawo, ana ta dariya a rubuce. Amma kowace jimla sai ya saya da numfashi. Yana faɗin kalma uku ya tsaya, ƙirjinsa na ɗagawa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Umma ta ce, "Malam, ya isa haka." Ita da ko hoto ba ta yarda a yi mata, ta ja mayafi ta zauna a bakin gadon, ta fuskanci wayar. "To, ni ce matarsa. Ban iya zance ba, amma kada ku tafi. Ku tambaye ni ko me kuke so."

Suka tambaye ta yadda suka haɗu. Ta ce ya zo yi wa motar babanta fenti ne, aikin yini ɗaya ya ja shi har aka fara tunanin ko motar zai aura.

Ana cikin haka wani mai suna Direban Tanka ya rubuto. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu bara, na'urarta na nan a ƙarƙashin gado, tsohon yayi ce, ba ta san wani kamfani ba. Yana can ɗaya gefen gari, amma ya taso. Yaya ta karɓi lambarsa ta yi masa kwatance. Na ji kamar an sauke mini dutse, sai dai rabinsa kawai, domin na san hanyar. Ni da babur ma nakan sha wuya a cikinta, balle mai mota da kaya.

Dogo ya rufe shago ya zo. Shi ya fara taɓa wayar ya janye hannu.

"Kai, wannan ai ta dafa ƙwai! Tana caji tana aiki tun ɗazu. Za ta ɗauke fa."

Ya ruga ya kawo ƙanƙara a leda, ya naɗe da tsumma ya tokara a bayanta. Yaya ta ɗauki murfin tukunyar girki tana yi mata fifita. Mu huɗu a kan waya ɗaya, kamar ita ce marar lafiyar. Direban Tanka ya kira ya ce ya maƙale a mahaɗar babban titi, wata babbar mota ta lalace a gaba.

Sai fuskar wayar ta dushe. Wani rubutu ya fito, wai ta yi zafi da yawa. Ta yi baƙi.

"Kunna ta!" in ji Yaya.

Na danna, na sake dannawa. Ko motsi. Na fizgi wayar Yaya don in shiga shafina ta can, ta nemi kalmar sirri. Kalmar da na sa da kaina, na neme ta a kaina na rasa. Na rubuta wata, ta ce ba ita ba ce. Na sake, ta ƙi. Dogo yana cewa a buɗe sabon shiri ta shafin Yaya kawai, Yaya tana cewa ita ƙawayenta malamai ne kaɗai a ciki, wa zai gani? Umma ta kama hannun Baba. Ɗakin babu mai kallonsa sai mu.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Abin da na sani, ina tsakiyar kiran Mai Keke ne Kyanwa ta yi wani ɗan ƙara siriri, irin wanda ba mu taɓa ji ba. Fitilar ta koma ja. Gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya tsaya.

Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ɗakin shiru haka ba. Har kukan kajin maƙwabta na ji.

Baba ya buɗe baki yana neman iska. Idanunsa suka fito, yana kallona.

Dogo ne ya fara motsi. Ya jawo 'yar tukunyar daga bayan ƙofa, na zare robar daga jikin Kyanwa na cusa a bakin tukunyar, ya murɗa. Ta yi huci. Allurar ma'aunin iskar da ke kanta tana dab da jan layi. Dogo ya rage ƙarfin iskar yadda za ta ɗan jima, ya ce, "Baba, a hankali. Kamar mai shan shayi mai zafi."

Yaya tana waya da Direban Tanka tana kuka. "Bawan Allah, kana ina? Sun kashe! Wallahi sun kashe!"

Na ji muryarsa ta cikin wayar yana cewa motoci ba sa motsi, yana hango gidan mai mai jan rufi. Na san wurin. Ban tsaya cewa komai ba, na fita da gudu na haye babur.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba, ba na kuma fatan in sake. Na bi ta lunguna, na bi ta bayan kasuwa, na hau gefen da masu ƙafa ke bi ana zagina. A raina ba abin da nake gani sai allurar nan. Na same shi tsaye a kan titi, ƙaton mutum da rigar aiki, ya rungumo wata akwati ruwan toka kamar jariri. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya bar motarsa a buɗe, ya hau bayana da ita a cinya, ya ce, "Ja mu je, ƙanena."

Da muka shiga ɗakin, tukunyar ta daina huci. Umma tana yi wa Baba fifita da mayafinta, Yaya ta tallafe kansa. Leɓensa ya yi duhu, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri ba ƙarfi. Dogo ya fizgi akwatin, ya jona ta a wuta, ya buga wani babban maɓalli. Shiru. Ya ɗaga hannu zai sake.

Direban Tanka ya ce, "Dakata, sai an ɗan mare ta." Ya kai mata duka a gefe da tafin hannu.

Ta yi tari, ta girgiza, sannan ta kama ruri kamar injin niƙa. Dogo ya kara robar a kumatunsa, ya ji iska, ya miƙo mini. Na maƙala wa Baba a hanci. Muka tsaya cirko-cirko.

A hankali ƙirjin ya lafa. Duhun leɓen ya soma washewa. Ya lumshe ido ya buɗe, ya kalli tsohuwar akwatin da ke ta girgiza ƙasan ɗakin, fentinta duk ya ɓare.

Da kyar ya ce, "Wannan... ba kyanwa ba ce. Jaki ne."

Direban Tanka ya fashe da dariya, sai kuma ya juya ya fuskanci bango yana share ido. Umma ta durƙusa tana yi masa godiya, ya ce ta bari, ai tsohuwarsa ce ta yi aikin.

Wayata ta huce ta kunnu. Saƙonni sun cika ta, Mai Keke ta kira ba adadi. Na ce, "Baba, in gaya musu ka samu lafiya?"

Ya girgiza kai, ya nuna Kyanwa da yatsa. Tana nan fara tas, sabuwa, da jar fitilarta, da rubutun da ke cewa an dakatar domin lafiyar mai amfani. Na gane nufinsa. Na mayar da wayar kan gwangwanin fenti, na saita ta yadda za a ga jar fitilar da lambar da fuskarsa, na kunna kai tsaye. Mutane suka fara shigowa, sun fi na ɗazu.

Ana haka wayar Baba ta yi ƙara a kan matashi. Na leƙa. Lambar yarinyar nan ce.

Hannunsa ya tafi wajenta da kansa, yadda ya saba. Baba mutum ne da bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba, ko ta wanda ya cuce shi ce. Yatsunsa suka taɓa wayar, suka tsaya. Ya dube ni, ya dubi jar fitilar. Sannan ya janye hannun ya ɗora a kan ƙirjinsa.

Muka bar ta tana ta ƙara har ta gaji.